Tsohuwar Mota Mai Ƙwanji Ko Jirgin Ruwa: Yadda Magidanci Zai Yanke Shawara A Amurka

A Amurka akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin maza 'yan shekara arba'in da biyar zuwa sittin. Yara sun tasa, bashin gida ya yi sauƙi, an fara ganin rarar kuɗi, sai ido ya koma wurare biyu: tsohuwar motar Detroit ta shekarun 1960 mai rugugin inji, ko jirgin ruwa na shaƙatawa da za a riƙa ja zuwa tafki ranar Asabar. 'Yan'uwanmu da suka daɗe a Houston, Atlanta, Maryland ko Columbus su ma abin ya fara taɓa su, kuma ba laifi ba ne. Wanda ya shekara ashirin yana aiki ba dare ba rana, yana aika wa gida, ya cancanci ya so wani abu don kansa.

Inda ake kuskure shi ne fara lissafi daga farashin saye. Farashi ba shi zai raba maka gardamar nan ba. Abin da zai raba ta shi ne inda kake zaune, su wa za su zauna kusa da kai, da yawan ranakun hutun da kake da su a zahiri. Mota za ta jira ka wata shida a gareji ba tare da ta ci maka komai mai yawa ba. Jirgi kuwa kamar doki yake, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ka ba shi harawa.

Da farko, ware kuɗin da rasa su ba zai girgiza gidanka ba

Kafin ka buɗe ko da shafin talla ɗaya, zauna da uwargida ku tsayar da adadi. Kuɗin karatun yara, kuɗin da ake aika wa iyaye, ajiyar ko-ta-kwana ta wata shida, duk ba sa cikin wannan zance. Haka asusun ritaya na 401(k): wanda ya cire kuɗi daga ciki kafin ya kai shekara 59 da rabi, galibi zai biya tarar kashi 10 cikin ɗari, ga kuma haraji a kai. Babu motar da ta kai a yi mata wannan asarar.

Dillalan jiragen ruwa sun ƙware wajen raba farashi zuwa biyan wata-wata na shekara 15 ko ma 20, har adadin ya yi kama da kuɗin waya. Ga Musulmi, maganar kuɗin ruwa ta isa ta rufe wannan ƙofar. Ko ba don haka ba ma, lissafin bai yi ba: darajar jirgi na sauka da sauri fiye da yadda bashin ke raguwa, sai mutum ya wayi gari ana binsa fiye da abin da jirgin zai yi a kasuwa. Abin sha'awa da kuɗi a hannu ake sayensa.

Daga adadin da kuka tsayar, cire kashi ɗaya bisa biyar ka ajiye gefe. Wannan na gyaran shekarar farko ne, kuma za a taɓa shi, ko mota ka saya ko jirgi.

Ka san abin da kake sha'awa

Zamanin motocin ƙwanji gajere ne, bai fi shekara goma ba. Yawanci ana fara ƙirga shi daga 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauki babban inji mai silinda takwas, mai lita 6.4, suka cusa shi a matsakaiciyar mota suka kira ta GTO. A watan Afrilun shekarar Ford ta fito da Mustang, wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya cikin shekara biyu. Daga nan gasa ta ɓarke: Chevrolet Chevelle SS da Camaro, Dodge Charger da Challenger, Plymouth Road Runner da Barracuda, Oldsmobile 442, Buick GSX. A 1970 aka kai ƙololuwa, inda Chevelle mai injin 454 ta fito da ƙarfin doki 450, injin Hemi 426 na Chrysler kuma 425. Sai dokar tsaftace iska ta 1970, tsadar inshora ga matasa, da takunkumin man fetur na 1973 suka taru suka kashe kasuwar.

Wannan tarihin yana da amfani ga aljihunka. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, tana iya ninka 'yar'uwarta farashi sau goma saboda injin da ta fito da shi daga masana'anta. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a gwanjon Mecum kan dala miliyan 3.5, don ba su wuce goma sha biyu ba da aka ƙera a wannan shekarar. Irin wannan labari ne ke sa mutane cewa tsohuwar mota jari ce. 'Yan ƙalilan ne haka. Taka, wadda za ka hau ka je masallacin Juma'a ko taron masu motoci, idan ta riƙe darajarta ka gode Allah, domin kuɗin gyara da inshora da ajiya ba sa dawowa.

Jirgi kuma ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin na alminiyom na kamun kifi, wanda mota matsakaiciya za ta ja. Akwai mai buɗaɗɗen gaba da kujeru, na yawon iyali, tsawon ƙafa 18 zuwa 22. Akwai mai faffaɗan dandamali bisa tankuna biyu ko uku, wanda ya fi dacewa da tsofaffi da ƙananan yara domin ba ya tangal-tangal a tafki mai kwanciyar ruwa. Akwai mai sitiyari a tsakiya na shiga teku, sai kuma mai ɗakin kwana, wanda ba na ba mai fara koyo shawarar ya kusance shi. Kowace ƙafa da ta ƙaru a tsawon jirgi, kuɗin ajiya da inshora da mai suna ƙaruwa tare da ita.

Ɗauko kalanda

Wannan matakin shi ne ya fi kowane nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Buɗe kalandar bara, daga Mayu zuwa Satumba, ka ƙirga Asabar da Lahadin da ka kasance ba ka da aiki, ba biki, ba suna, ba taron ƙungiya, ba tafiya gida, ba kai yara wasa ko makarantar Islamiyya. Daga abin da ya rage, cire ranakun ruwan sama da iska. Abin da ka samu shi ne shekarar jirginka. A Minnesota, Michigan ko Ohio kakar ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba. A Teksas da Fulorida ta fi tsawo nesa ba kusa ba, amma can kuma akwai zafin rana da guguwar teku.

Fita da jirgi yini guda yake ci. A haɗa tirela, a sha mai, a yi layi a gangaren sauke jirage, a dawo a wanke shi, a rufe. Idan ruwan da za ka je ya fi tafiyar awa ɗaya daga gidanka, da wuya ka riƙa zuwa bayan ɗokin shekarar farko ya wuce. Mazaunin Atlanta yana da tafkin Lanier, na Houston yana da Conroe da gaɓar Galveston, na Maryland yana da Chesapeake, na Cleveland yana da Erie. Duba naka, ka auna tafiyar da safiyar Asabar ta bazara, lokacin da kowa ya fito.

Mota ba ta neman yini. Minti arba'in bayan la'asar ya isa a zaga a dawo. Amma a faɗi gaskiya, sha'awar mutum ɗaya ce. Yawancinsu ƙofa biyu gare su, kujerar baya a matse take, da yawa ba su da na'urar sanyaya ciki, ga zafin inji da warin fetur. Uwargida za ta shiga sau ɗaya don ta faranta maka. Jirgi shi ne ke tara iyali: yara, jikoki, baƙin da suka zo daga gida, kowa zai so a je. Don haka ka tambaye su, kuma ka tambaya da gaske. Su waye suka iya iyo? Wa ke jin jiri a kan ruwa? Idan ɗiyarka ta tafi jami'a baɗi, da wa za ka fita? Jirgi yana bukatar mutum na biyu, ko don riƙe igiya lokacin da kake ja da tirela baya.

Sai tambayar da za ka yi wa kanka kai kaɗai: kana jin daɗin kama sufana? Tsohuwar mota rabin daɗinta a ƙarƙashin bonet yake. Idan ɗigar baƙin mai a daɓen gareji na ɓata maka rai, kuma kowace ƙara sai ka kira makanike, za ka gaji da ita da wuri, domin masu iya gyaran kafireta sun yi ƙaranci kuma ba su da araha.

Ina za ka ajiye shi?

Motar 1969 ba a barinta a waje. Danshi da rana za su cinye ta, kuma kamfanonin inshorar tsofaffin motoci irin su Hagerty galibi suna son a ce tana kwana a wuri mai rufi, kana kuma da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Auna garejinka da awo: Charger ta wancan zamani ta haura ƙafa 17 a tsawo.

Jirgi ya fi wuyar sha'ani. Unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje da ta hana ajiye jirgi a ƙofar gida, saboda haka karanta dokokin unguwarku kafin komai. Idan an hana, saura hayar fili, ko rumbun da ake ɗaga jirage a jera, ko gurbi a tashar jirage inda ake biya bisa tsawon ƙafa. Sannan motar ja: haɗa nauyin jirgi, inji, mai, kaya da tirelar kanta, ka gwada da abin da littafin motarka ya ce za ta iya ja. Mutane da yawa sun sayi jirgi sai suka tarar dole su sayi a-kori-kura.

Lissafin shekara, a rubuce

Masu jirage suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: ka sa ran kashe kusan kashi 10 cikin ɗari na farashin jirgi duk shekara wajen riƙe shi. A ce ka sayi na dala 30,000. Dala 3,000 ke nan ta ajiya, inshora, rajista, sabis da shirin hunturu. Idan kalandarka ta ba ka fita goma, kowace fita ta tashi dala 300 kafin ka zuba ɗigon mai, kafin kuma a yi maganar faɗuwar daraja. Man ma ba wasa ba ne. Injin fetur idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana shan kusan galan ɗaya a awa kan kowane ƙarfin doki goma, wato mai doki 200 zai sha wajen galan 20 a awa. A matsakaicin gudu abin yana raguwa sosai, amma man tashar ruwa ya fi na titi tsada.

Shirin hunturu ba zaɓi ba ne a jihohin sanyi. Injin jirgi da ruwan tafki yake sanyaya kansa. Idan aka bar ruwan a ciki ya daskare, sai ya tsaga injin. Dare ɗaya ya isa.

Lissafin mota ya fi sauƙi a shekarar da ba abin da ya lalace. Inshorarta ba ta da tsada idan aka gwada da motar yau da kullum, kuma ana yin ta ne bisa darajar da kuka amince da ita kai da kamfanin tun farko. Jihohi da dama suna ba da lambar motocin tarihi mai rahusa, da sharaɗin taƙaita hawa. Kalifoniya ba ta gwajin hayaƙi ga motocin 1975 zuwa baya. Mai kam tana sha, babban inji ba ya wuce mil 10 zuwa 12 a galan, amma da yake ba nisa ake yi da ita ba, ba ya zafi. Inda take cizo shi ne gyara babba: fenti da aikin bodi na kirki kan kai dubban daloli masu yawa, sau da yawa fiye da gyaran inji.

Rubuta ginshiƙai biyu na shekara biyar, ka haɗa da abin da kake ganin za ka samu idan ka sayar. A mafi yawan lokuta mota ce za ta fi sauƙi. Wannan bai sa ta zama zaɓinka ba, ya dai nuna maka nawa kake biya don ranakun iyali a kan ruwa, ka ga ko sun kai.

Yi haya kafin ka saya

Gani ya kori ji. Ana hayar jirgi na yini a kusan kowane babban tafki, akwai kuma Boatsetter da GetMyBoat inda masu jirage ke ba da nasu haya. Freedom Boat Club da ire-irensa ana biyan kuɗin shiga da na wata, ka riƙa ɗaukar jirgi ka dawo da shi, wanki da ajiya da gyara ba ruwanka. Ka yi kaka guda haka. Idan ta ƙare kana jin haushin rashin samun jirgi ranar da kake so, to kai mai saye ne. Idan kuwa ka ga wata biyu sun wuce ba ka nema ba, ka tsira da kuɗinka.

Mota ma ana samun ta haya a Turo da wasu shafuka. Tuƙa ta yini guda cikin cunkoso, ba a buɗaɗɗen titi kawai ba. Za ka ji sitiyari mai lilo, birki mai neman a taka da ƙarfi tun daga nesa, da kulocin da ke gajiyar da gwiwa. Wasu wannan ne ke sa su ƙara sonta. Ka je kuma taron safiyar Asabar da masu tsofaffin motoci ke yi a filayen ajiye motoci. Ba a biyan komai, kuma dattawan wurin za su gaya maka makaniken da ya iya da dillalin da za ka guje wa.

Idan mota ce: tsatsa da takardu

Inji ana gyara shi, kayansa kuma suna nan birjik, musamman na Mustang, Camaro da Chevelle, waɗanda kusan kowane ƙarfe nasu ana ƙera sabo har yau. Kayan Dodge da Plymouth sun fi tsada, na AMC sun fi wuyar samu. Abin tsoro shi ne tsatsa. A jihohin arewa ana zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Arizona, Nevada ko Kalifoniya ta fi daraja. Sa a ɗaga motar sama ka shiga ƙarƙashi da tocila. Duba daɓen ciki, daɓen but, ƙasan ƙofofi, bayan tayoyin baya, ƙarafunan shasi, da gindin gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya. Ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, ciko ne aka shafe da fenti. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin mota abin tuhuma ne, haka sabon fenti mai sheƙi da ba hotunan aikin da aka yi kafin a fesa shi.

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar tana ƙona baƙin mai ce. Bar ta ta yi zafi a tsaye ka ga ko allurar zafi za ta haura. Lambar tafiya kuwa kada ka dogara da ita: gurbi biyar gare ta, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili.

Sai maganar asali, inda ake yi wa baƙi wayo. Ana ɗaukar Chevelle ko LeMans ta talaka a manna mata tambarin SS ko GTO. Idan an faɗa maka gaskiya kuma farashin ya nuna haka, ba aibu. A ganina ma ita ce ta fi dacewa da mai son hawa, don ba za ka ji tsoron fita da ita ba. Aibun shi ne ka biya kuɗin ta asali. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 sai 1981 ta zama doka, kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. GTO daga 1966 zuwa 1971 lambarta na farawa da 242, amma ta 1964 da 1965 ba a gane ta daga lambar, sai da takardun Pontiac Historic Services. Chevelle SS ta 1970 ma lambar shasi ba ta nuna ta, sai takardar haɗin masana'anta. Motocin Ford daga 1967 ana samun rahoton kamfanin Marti a kansu, mai nuna yadda suka fito daga masana'anta. Dodge da Plymouth suna da ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da bayanan yadda aka haɗa su. Idan mai mota ya ce injin nata ne na asali, a duba lambar da aka buga a jikinsa a gwada da ta shasi.

Lambar da ke takardar mallaka dole ta yi daidai da ta jikin mota, sunan da ke kai kuma ya zama na wanda ke sayar maka. Wasu jihohi, kamar Niyok, ba sa ba da takardar mallaka ga motocin 1972 zuwa baya, rajista ce shaida, don haka tambayi ofishin lasisin jiharku abin da zai karɓa. Don sanin farashi, jadawalin Hagerty ya kasa motoci mataki huɗu bisa lafiyarsu. Mataki na uku, mai kyau wadda ake hawa, shi ne naka. Duba kuma abin da aka sayar da irinta a shafin gwanjon motoci na Bring a Trailer, ba abin da masu talla ke nema ba. Manyan gwanjo irin na Barrett-Jackson a Scottsdale da Mecum a Kissimmee, duka a watan Janairu, wurin kallo ne ga sabon shiga: akwai la'adar kusan kashi 10 a kan mai saye, ba kuma a ba ka damar tuƙawa.

Kada ka sayi wadda aka wargaza aka zuba a kwalaye da sunan za ka haɗa a hankali. Araha ba ta ado. Biya ƙwararren da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya duba maka, ka sayi mafi lafiyar da kuɗinka zai kai, ko da ƙaramin inji gare ta.

Idan jirgi ne: katakon ciki da inji

Jirgin faiba yana iya sheƙi a waje alhali ya ruɓe a ciki, domin da yawa daga tsofaffin akwai katako a bangon baya inda inji ke rataye, da daɓe, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Taka ko'ina a daɓen. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga. Kama ƙafar injin ka jijjiga da ƙarfi. Idan bangon baya ya motsa ko ka ga tsaga a kusurwoyinsa, juya ka tafi. Gyaran wannan kan fi kuɗin jirgin.

Ga mai farawa, injin da ke rataye a waje, na Yamaha, Mercury, Suzuki ko Honda, ya fi sauƙin sabis da sauƙin shirin hunturu. Wanda ke cikin jirgi mai ƙafa a waje, irin MerCruiser da Volvo Penta, yana da robobi a mahaɗarsa waɗanda idan suka tsage ruwa ke shiga har jirgi ya nutse a inda aka ɗaure shi, kuma a ruwan gishiri bututun hayaƙinsa na cinyewa cikin 'yan shekaru. Kamfanin OMC mai ƙera injinan jirgi ya durƙushe a 2000, an kuma daina ƙera injin Evinrude a 2020, saboda haka kafin ka sayi mai ɗayansu ka tabbatar akwai mai gyara da kaya kusa da kai. Sa makanike ya auna matsin kowace silinda, ya karanta awannin aikin injin daga kwamfutarsa, ya duba man giya. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Injin da ya daɗe a ajiye ba a tayar da shi ba, ƙarancin awanninsa ba abin murna ba ne.

Kada ka biya sai an gwada shi a kan ruwa, an buɗe masa wuta har ƙarshe. Idan kuɗin da yawa, ɗauki mai binciken jirage mai rajista da SAMS ko NAMS, ƙungiyoyin masu wannan sana'a. Kamfanin inshora ma zai iya neman rahotonsa. Lambar jikin jirgi mai gurbi 12 tana bangon baya ta hannun dama, tun 1972 ake sa ta, a gwada ta da takardu. Tambayi tarihinsa idan daga gaɓar Fulorida ko Teksas ya fito, domin bayan manyan guguwa irin Ian ta 2022 jiragen da suka sha ruwa kan koma kasuwa. Tirela ma abin saye ce mai takardunta: duba tayoyi, birki, fitilu da tsatsa.

Abu ɗaya ya haɗa mota da jirgi a gidan mai. Fetur ɗin Amurka galibi yana da kashi 10 na sinadarin itanol, wanda ke jan danshi ya kuma cinye tsofaffin robobi idan ya daɗe a tanki. Mai kashi 15 kuwa ba a yarda a zuba shi a jirgi ko motar da ta girmi 2001 ba. Karanta rubutun jikin famfo, inda kuma ake sayar da marar gauraye, shi za ka saya.

Rai ya fi duka

Motar 1968 ba ta da jakar iska, ba birkin zamani mai hana sulɓi, wasu ma bel ɗin cinya kawai gare su, ga ƙarfin da ya fi ƙarfin tayoyinta. Kuɗin farko da za ka kashe ya tafi kan birkin faifai a gaba, sababbin tayoyi, bel mai ratsa kafaɗa, sababbin bututun mai da abin kashe gobara. Tayar da ta shekara goma a canza ta ko da zanenta bai goge ba.

A ruwa, doka ta ce kowane mutum da rigar ceto daidai jikinsa, yara 'yan ƙasa da shekara 13 kuma su sa tasu muddin jirgi na tafiya, sai dai inda jiha ta sa nata ƙa'idar. Rahotannin rundunar tsaron gaɓar Amurka na nuna shekara da shekaru cewa mafi yawan waɗanda suka nutse ba su sa rigar ba, kuma giya ce kan gaba cikin dalilan haɗarin da ke kisa. Kai ba ka sha, amma na kusa da kai ranar hutun 4 ga Yuli wataƙila ya sha. Da yawa daga cikinmu ba mu taso da iyo ba, kuma babbar riga ko doguwar abaya idan ta jiƙe nauyi take yi. A koyi iyo, a sa riga, babba da yaro. Jihohi da yawa na neman katin shaidar koyon tuƙin jirgi, Kalifoniya da Niyok kuwa tun 2025 kusan kowane mai tuƙa jirgi mai inji sai da shi. Tun 2021 dokar tarayya ta wajabta ɗaura igiyar kashe inji a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba. Mai injin fetur a ciki ya kunna fankar fitar da tururi minti huɗu kafin ya tayar. Kuma kafin a sauke jirgi a ruwa, a duba toshiyar magudanar baya. Tsofaffin hannu ma suna mantawa.

Ranar rabuwa, da ranar saye

Ka yi tunanin fita tun kafin ka shiga. Mustang ko Camaro mai lafiya da takardu tana da masu nema a duk faɗin ƙasar, ana ɗora ta a babbar mota a kai ko'ina. Tsohon jirgi kasuwarsa ta kusa ce kuma ta kaka ce, yana iya wata da watanni ba mai tayawa alhali kuɗin ajiya na tafiya. Mai niyyar komawa gida bayan ritaya ya san cewa mota tana shiga kwantena, sitiyarinta ma na hagu ne kamar na Najeriya da Nijar, amma kwastam na da dokoki kan shekarun motar da ake shigowa da ita, sai an bincika tukuna, kuma kowane ƙaramin kaya daga Amurka za a riƙa aiko shi. Jirgi kam a Amurka za a sayar da shi.

Ra'ayina a fili yake. Wanda ke da ruwa ƙasa da awa ɗaya daga gida, da iyalin da suka nuna suna so bayan an gwada haya, da fita goma sha biyar ko fiye a kalandarsa, ya sayi jirgin da bai wuce ƙafa 20 ba, mai injin waje, wanda ya ɗan yi shekaru a hannun mutum ɗaya. Duk wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, in yana da gareji da haƙurin gyara, mota ce tasa, jirgi kuma ya riƙa haya sau biyu ko uku a bazara.

Lokacin saye kaka ne, daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da mai jirgi ke hangen kuɗin ajiyar hunturu, mai mota kuma ke neman wurin sa motarsa ta kullum kafin dusar ƙanƙara. Kada ka tura kafin alƙalami ga wanda ba ka gani ba, komai kyan hotuna. Tallan bogi sun yi yawa a wannan kasuwa. Ku haɗu a banki, a tabbatar babu bashi a kan abin, a sa hannu a takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi ko ta jikin jirgi, inshora kuma ta fara aiki kafin ka ja shi daga ƙofar mai shi.